Sadakar Inna da Cikin Bushira

Na gode wa Allah da ya bar mini ɗiyata. Da wannan nake farawa, kuma duk ƙorafin da zai biyo baya ba ya rage komai daga godiyar. Ni tela ce a Dogon Dutsi, ɗinkin mata nake yi a cikin gida, ban saba da dogon rubutu ba. Amma tun da Bushira ta miƙe, mata sun sha zuwa wurina da yara masu irin cikinta suna tambaya, kuma kowace ta tafi sai in tuna akwai abin da ban gaya mata ba. Shi ya sa na ture keken ɗinki gefe na zauna in faɗe shi daga farko.

Bushira ita ce ƙaramarmu. Tana cikin shekara ta huɗu ciwon ya fito fili, ko da yake in na waiwaya, tun daga yaye cikinta bai taɓa zama lafiya ba. Zawo ne da ba ya tsayawa. Ba irin na haƙori ba, ba irin na zafi ba: fari-fari, mai maiƙo, ga wari wanda ni uwarta ma sai na kau da kai. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka sirance, mazaunai suka zube har wando ya daina zama a ƙugunta. Gashinta ya yi ja yana kakkaryewa. Yarinyar da ke hana kajin gida sakat ta koma zaman gindin kekena, in an taɓa ta kuka, in an ƙyale ta kuka.

Mun fara da asibitin garinmu. Zuwan farko aka ce tsutsar ciki, aka ba mu magani. Zuwa na biyu aka ce zazzaɓin sauro. Na uku aka ce taifot. Kowane zuwa sai ka kama layi tun rana ba ta yi zafi ba, ka fito da takardar magani, ka wuce farmasi, ka koma gida da leda da sa rai. Ba na zagin ma'aikatan. Akwai wani majo dattijo, babban ma'aikacin jinya, da yakan bar kujerarsa ya durƙusa ya duba idon Bushira, Allah ya saka masa. Amma akwai wadda ta ɗora ta a sikeli, ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni a gaban mata ko muna dafa abinci a gidanmu. Tamowa, in ji ta.

Aka kwantar da mu ɗakin yara masu tamowa, ana ba ta madara. Sauran yara suna murmurewa, tawa tana zubewa. Ƴan dubiya kuwa suna ta shigowa, kuma kun san abin da muke kai wa marar lafiya: burodi, madarar gwangwani, biskit. Maigidana, wanda nake kira Malam, kayan babur yake sayarwa a bakin tasha. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya zo da shayi da madara da burodi mai zafi, ya ɗora ta a cinya, yana tsomawa yana ba ta a baki. Duk wanda ya so yarinyar nan, da alkama da madara ya zo mata, ba wanda ya sani a cikinmu.

Shawara kuwa na sha ta. Yayata ta ce basir ne, ta aiko da saiwa. Wata ta ce maiƙon nonona ne tun asali. Uwar Malam, wadda muke ce wa Inna, ta taso daga ƙauyensu na bayan Matankari da ƙunshin kayanta a ka, ta dubi jikarta ta ce wannan ba ciwon likita ba ne, iska ce, a bar ta ta tafi da ita gida a nemi sauƙi wurin masu abin. Malam kuwa yana cikin samarin nan da ba sa ɗaukar irin wannan magana ko da wasa. Ya ce mata, cikin ladabi amma ba sassauci, a gidansa ba turare, ba laya, ba yanka, addu'a ce kawai da asibiti. Inna ba ta ja da shi ba. Ta ajiye ƙunshinta a ɗakin baƙi ta ce to za ta zauna ta taya ni jinya, kuma wallahi ta taya ni. Ita ke wankin zanen zawo, ba ta taɓa yamutsa fuska ba.

Daga nan aka tura mu Dosso, Dosso ta tura mu Yamai. Na sayar da ƙaramin kekena na gyaran baki don kuɗin mota da analiz, wato gwaje-gwajen asibiti. A Yamai muka samu wata likitar yara, mace mai maganar gaggawa. Ita ce ta fara tambayata abin da yarinyar ke ci daga safe zuwa dare, ta kuma saurari amsar. Ta sa aka ɗebi jini, muka zauna gidan wani ɗan'uwan Malam muna jiran sakamako. Ranar da ya fito ta faɗi sunan ciwon, siliyak, ta kuma faɗi wata kalma, giluten, ta ce wani abu ne da ke cikin alkama wanda jikin Bushira ke yaƙi da shi, yaƙin kuma a hanjinta ake yin sa. Hanjin ya goge, abinci wucewa yake yi ba ya kama jiki. Saboda gogewar nan, madara da nono ma ba za ta iya da su ba sai hanjin ya warke.

Na ce to wane magani za mu saya. Ta ce ban da na ƙarin jini, ba ta da ƙwayar da za ta rubuta mini.

“Tukunyarki ce maganin,” in ji ta. “Amma ki ji ni da kyau. Ba cewa na yi ki rage alkama ba. Ko ƙurarta kada ta shiga bakinta.”

Sai ta danna ƙafar Bushira da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce mu dawo bayan wata ɗaya da rabi, a riƙa auna ta kowane mako a gida. In nauyin bai hau ba, za ta kwantar da ita, ƙarin jini da robar hanci, kuma daga nan ba za ta yi mini alkawarin komai ba. Wannan maganar ita na ɗauko daga Yamai, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Kafin mu shiga mota Malam ya ce mu leƙa wani babban kanti da aka ce ana sayar da abincin masu irin wannan ciwo. Muka ga wata ƴar ledar makaroni da ba ta cika tafin hannu biyu ba, kuɗinta ya fi cefanena na mako. Muka ajiye ta a hankali kamar za ta fashe, muka fito. Sai a cikin mota, wajen Birnin Gaure, na fara tuna abin da likita ta ce ba laifi: hatsi, wato gero, da dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, dankali, gyaɗa. Na dubi Malam na ce ashe abincin da muka baro a ƙauye muna taƙamar mun zama ƴan birni shi ne maganin. Ranar ce ya fara dariya tun da aka kwantar da mu.

Na dawo na juya kicin ɗina kaf. Taliya, makaroni, fulawa, duk na kwashe na ba maƙwabta. Na ce ba za a yi tukunya biyu a gidan nan ba, abin da Bushira za ta ci shi kowa zai ci, don ba mu da ƙarfin girki biyu, kuma ban yarda da hannun yayyenta ba. Dunƙulen miya na kanti likita ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba, sai na koma daddawa da busasshen kifi. Man shanu ya fita, man gyaɗa ya shigo. Da safe kunun gyaɗa da shinkafa, ko koko da ƙosan da na soya da kaina a man da ba a taɓa soya fanke a ciki ba. Da rana dambun masara da zogale da ƙuli-ƙuli, ko shinkafa da wake. Ɗanwake na koma yin sa da garin rogo da kuka, yadda tsofaffi ke yi kafin fulawa ta shiga cikinsa. Da dare tuwo.

Fura ce ta ba ni wuya. Ɗan Arewa a ce ya sha fura ba nono, ai kamar an ce ya sha ƙasa. Bushira ta ture ƙwaryar ta yi ta kuka. Inna ce ta ce in jiƙa garin ƴaƴan kuka in tace in dama da shi, haka suke yi a shekarun da shanu suka ƙare. Ya yi fari, ya yi tsami, yarinya ta sha ta lashe ludayi. Na ce Inna Allah ya bar mana ke.

Tsimin kuɗin duk a kasuwar Juma'a yake. In ka fita da sassafe ka tari matan ƙauye suna sauka daga amalanke, kafin ƴan sari su rigaye ka, wake da gyaɗa da zogale sai ka same su da sauƙi. Don haka kowace Juma'a nakan bar Bushira wurin Inna, yayyenta suna lakwal, wato makaranta, Malam yana shago, in dawo kusan azahar da kayan mako.

Kwanakin farko kamar a mafarki. Zawo ya ragu, ta fara neman abinci da bakinta, har ta bi wata kaza taku kaɗan. Sai ranar Asabar ta tashi da ciki kamar ganga, zawon nan fari ya dawo da warinsa. Ranar Litinin muka je awo, sikeli yana nan inda yake.

Na ce injin niƙa ne. Na tuna akwai masu kawo alkama daga Ƙonni suna niƙawa a injin unguwarmu don alkaki, garin kowa kuma ta maƙogwaro ɗaya yake bi. Na daina kai niƙa. Na sayi sabon turmi, na koma daka da hannu, ni da na shekara goma ban riƙe taɓarya ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, allura ma ta gagare ni riƙewa, ɗinkin mutane ya taru. Inna takan karɓe ni in na gaji, tsohuwa da ita, tana daka tana nishi. Bushira ta ɗan farfaɗo tsakiyar mako. Asabar ta zo, aka koma gidan jiya.

Mako na uku na soma zargin kowa. Na zazzage jakunkunan yayyenta ina neman ɓurɓushin biskit, na doki babbar a kan abin da ba ta yi ba. Malam ya bar cin burodi a gida, sai wurin mai shayi, kuma na kafa masa doka ya wanke hannu da baki a ƙofar gida kafin ya ɗauki ɗiyarsa. Ya bi dokar. Amma da sikelin Litinin ya nuna ta ragu, ba ma tsayawa wuri ɗaya ba, sai ya tambaye ni a hanya ko na tabbata ina bin abin da likita ta faɗa. Na ce shi fa, ya tabbata ba ya ba ta wani abu a ɓoye in ta yi masa kuka? Muka iso gida ba mai kallon wani. Mun yi shekaru da aure, ban taɓa jin na tsani muryarsa ba sai a makon nan.

Kumburin ƙafa ya hau har gwiwa. Leɓɓanta suka yi fari. Ta daina kuka ma, sai kallo, kuma shirun ya fi kukan tayar mini da hankali. Lokacin komawa Yamai yana matsowa, ni kuma na san abin da ke jiranmu can. Na fara tunanin ko likitar ce ta yi kuskure, ko kuwa Inna ce ke da gaskiya tun farko. Inna kuwa ta rame ita ma. Wani ɗan ƙauyensu da ya zo kasuwa ya ce mini ta aika an sayar da tunkiyarta, na ɗauka gudummawar jinya take shirin ba ɗanta.

Wata Alhamis da la'asar maƙwabciyata Rabi ta shigo bin ɗinkinta. Na ba ta haƙuri na nuna mata hannuna. Tana shirin fita sai ta ce Allah ya karɓi sadakar Inna, ƴan biyunta har ƙirga kwana suke yi Juma'a ta zo. Na ce wace sadaka? Ta yi turus, ta gane ta yi suɓul da baka, amma magana ta riga ta fita. Ashe kowace Juma'a ina fita kasuwa, Inna sai ta karɓo waina cike da ƙwarya, ta tara yaran unguwa ƙanana a tsakar gida. Ta ɗauki ɗaya ta zagaya kan Bushira da ita, ta ba ta ta ci ta fari, yara su cinye saura su shafa fatiha. Haka ake yi wa marar lafiya a ƙauyensu tun kakanni. Ta roƙi matan unguwa kada Malam ya ji, don ta san abin da zai ce. Ashe nan kuɗin tunkiyar suke tafiya.

Da farko ajiyar zuciya na yi. Wainar hatsi ce, hatsi kuma ba laifi. Inna ta ji duk bayanin likita daga bakina, ba za ta ba ta burodi ba. Amma Asabar ɗin nan ta ƙi fita daga raina. Juma'a waina, Asabar zawo. Ban ce wa Inna komai ba, ban ce wa Malam ba.

Da gari ya waye na ɗauki kwandon kasuwa kamar kullum, na yi sallama, amma da na fita sai na karkata wurin mai wainar da Rabi ta kwatanta mini, wata mata da ke suya a hayin babban titi. Na tsaya jiran motoci su wuce, na same ta da layin masu saye, na jira ya ragu. Muka gaisa. Na ce da me take yin wainarta. Ta ce hatsi zalla, kowa ya san ta. Na durƙusa kusa da tanda ina kallon yadda take juya su, sumul-sumul, ba wadda ta fashe. Ni na san hatsi, ba ya kama jikinsa haka. Na ce mata hannunta da kyau, ni tawa kullum wargajewa take yi, mene ne sirrin?

Ta yi dariya ta nuna wata leda a bayan kujerarta da baki.

“Ɗan hannu biyu na hulawa cikin ƙullu, shi ke nan. Kowa haka shika yi yanzu, in ba haka ba ta hwashe maki cikin tanda. Ai ba a lissahwa shi, ɗan kaɗan na.”

Na ce tsohuwar gidanmu tana saye a wurinta? Ta ce ƙwarai, tsohuwar ma ta tambaye ta ko hatsi ne, ta ce mata hatsi ne.

“Yanzun nan tat tahi da nata, kina tsaye hayi ina ganin ki. Ta lungun baya ta bi.”

Ban san inda na yar da kwandon ba. Na tsallaka titi wata babbar mota tana danna mini oda, takalmi ɗaya ya fita ban koma ba. Mutanen da suka san ni suna kira, ban juya ba. Ina gudu ina roƙon Allah ya sa yaran ba su taru ba tukuna.

Sun taru. Na same su zaune a tabarma, ƙwarya a tsakiya. Bushira tana kan cinyar Inna, Inna ta gama zagaya kanta, ta gutsuro waina ta sa mata a baki. Ban yi sallama ba. Na kama wuyan hannun Inna na janye shi, na cusa yatsa a bakin ɗiyata na ƙwaƙulo abin, na kife ta a hannuna ina wanke mata baki da ruwan buta tana shaƙewa. Yaran suka watse, wani ya taka ƙwaryar. Ni da ban taɓa haɗa ido da uwar mijina ba, yau ga shatar yatsuna a hannunta.

Inna ba ta tashi daga inda take ba. Ta ce, a hankali, “Hatsi na, ɗiyata. Sai da nit tambaya.”

Na ce da fulawa a ciki, Inna, da idona na gani. Na ce ita ce ke tayar da cikin kowace Asabar. Na faɗa ina haki, ban zaɓi kalma ba, ban kuma ƙara komai a kai ba. Ta dubi wainar da ke warwatse a ƙasa, ta dubi ƙafafun Bushira, ta daɗe tana kallon su.

Labari ya riga ya kai shago. Malam ya shigo, na ga fuskarsa na tsorata da abin da zai fito daga bakinsa. Amma bai yi maganar bidi'a ba, bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, “Inna, da kin hwaɗa mini.”

“Da na hwaɗa ma, da ka hana ni.”

“Da na hana ki, da yanzu…”

Bai ƙarasa ba. Ya so ya janye abin da ya fara faɗa, na gani a idonsa, amma kowa a tsakar gidan ya ji sauran maganar. Inna ta miƙe ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Asabar ɗin da ta biyo baya ban taɓa ganin yini mai tsawonta ba. Ban san ko wani abu ya wuce maƙogwaronta ba kafin in iso. Na zauna kusa da ita ina taɓa cikinta, in ta motsa gabana ya faɗi. Hantsi ya yi, azahar ta yi, la'asar ta yi. Ta nemi fura ta sha. Rana ta faɗi ba zawo. Lahadi ma haka. Ranar Litinin majon nan dattijo ya ɗora ta a sikeli, ya sauke ta, ya sake ɗorawa don ya tabbata. Ta hau. Kaɗan ne, amma ta hau. Na zauna a dandamalin asibiti na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa.

Daga nan ba ta sake komawa baya ba. Da muka je Yamai likita ta danna ƙafarta wurin ya taso, ta ce ba kwanciya. Na ba ta labarin waina, ta ce ta sha jin irinsa, laifinta ne ma da ba ta ja mini kunne a kan abincin titi ba. Na gode mata, amma a raina na ce da ta faɗa tun farko da an huta da abubuwa da yawa.

To ga abin da nake gaya wa mata masu zuwa wurina. Kada ki tambayi mai abinci da me ta yi shi, za ta faɗa miki babban abin ne kawai, kuma ba ƙarya take yi ba. Ki tambaye ta me da me take ƙarawa. Fulawa ta shiga waina, ta shiga ɗanwake, wani lokaci har ƙosai. Ki kula da injin niƙa da man suya. Ba kya buƙatar kantin Yamai, kasuwar garinku ta ishe ki. Nono ya dawo wa Bushira bayan kamar shekara, da izinin likita, kaɗan-kaɗan, alkama kuwa har abada. Sannan tsofaffin gida, ku bar musu ƙofar da za su yi wa marar lafiya wani abu a fili. In aka rufe musu duka, za su yi a ɓoye, don ba za su iya zama hannu rabbana suna kallon jikansu yana ƙarewa ba.

Inna ta so komawa ƙauye tun a makon. Abin da ya riƙe ta, ta ɗauki alkawarin sadakar har Juma'a bakwai, saura biyu, kuma tana tsoron karya shi kamar yadda take tsoron cika shi. Na gaya wa Malam zan yi wainar da kaina a raba wa yara. Ya ce ciyar da yara ai sadaka ce. Na jiƙa hatsi, na daka, na dafa wani kashi ya zama kunu mai kauri na haɗa don ya riƙe ƙullun, ya kwana ya tashi. Da safe na ɗora tanda, ta farko ta wargaje, ta biyu ma haka. Inna tana zaune bakin ƙofarta tana kallo, har ta kasa daurewa ta ce wutar ta yi yawa, in kuma ƙara kunun. Na ce ta zo ta karɓe ni. Ta ce a'a, daga nan ma tana gani.

Da yara suka taru na ajiye ƙwaryar a gabanta. Ta raba wa kowa da hannunta. Bushira ta matso ta buɗe baki yadda ta saba. Inna ta ɗauki waina, ta riƙe ta, sai ta miƙo mini.

“Ke ba ta.”

Na ce Inna ni na yi ta, ba komai a ciki. Ta ce ta sani, in dai ba ta.

Tun daga ranar, ko ruwa Inna ba ta ƙara miƙa wa Bushira ba. Ta koma ƙauye, muna kai mata ziyara, takan goya ta, ta yi mata kitso, ta yi mata wasa. Amma in yarinyar ta ce Inna ba ni gyaɗa, sai ta ɓoye hannu a zane ta ce je wurin uwakki. Na roƙe ta, Malam ya roƙe ta har da hawaye, ba ta canza ba. Bara da damina Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta ya sa sadakarta a mizani.

Bushira yanzu tana lakwal, kumatu sun cika, ita ke tambayar masu abinci me suka ƙara kafin ni in buɗe baki. Ba ta tuna zawon, ba ta tuna Yamai. Muna dawowa daga sadakar kwana bakwai da rasuwar Inna, tana kan cinyata a mota, ta juyo ta ce, “Mama, mi niy yi ma Inna tad daina ba ni abu?”

Na ce ba ki yi mata komai ba. Ta ce to don me. Na ce in ta ƙara girma zan gaya mata, ta kwantar da kai a ƙirjina ba ta gamsu ba, kuma har yau ban gaya mata ba.